Tsohuwar Windo: Tarihin Abubuwan da Sababbin Manhajoji Suka Yar a Hanya

Babbar manhaja ita ce mai riƙe da linzamin kwamfuta ko waya. Ita ke tayar da na'ura, ta raba wa sauran manhajoji wurin aiki, ta haɗa su da allo da firinta da ma'adanar bayanai. A bakin masu gyaran kwamfuta a Sakkwato sunanta "windo", daga Windows ta kamfanin Microsoft, shi ya sa za ka ji an ce wa mai na'ura, "Alhaji, sai an yi mata sabuwar windo." Kowane sabon zubi da kamfani ya fitar yana zuwa da ƙari, yana kuma zuwa da ragi. Ƙarin shi ake tallatawa. Ragin kuwa sai mutum ya kai hannu inda ya saba ya ji wayam.

Abin da ake kewa ya danganta da inda mutum yake zaune. A Turai da Amurka yawancin ƙorafin a kan kamanni ne da sabo. A wuri irin Kalambaina, a gefen birnin Sakkwato cikin ƙaramar hukumar Wamakko, maganar ta fi shafar abinci. Unguwa ce da kamfanin siminti ya fito da sunanta: an kafa shi a 1962, ya fara aiki a 1967, yau kuma yana hannun BUA, wanda ya buɗe sabon layi mai tan miliyan ɗaya da rabi a shekara a 2018. Inda akwai masana'anta akwai takarda, daga ta neman aiki zuwa ta ɗaukar kaya, kuma mafi yawan masu buƙatarta ba su da kwamfuta a gida. Shagon buga takardu suke zuwa. Saboda haka a nan kwamfuta kayan sana'a ce da mutane da yawa ke ci a kanta, ba kayan ɗaka ba.

Zamanin XP

Windows XP ta fito ranar 25 ga Oktoba, 2001, wata biyu bayan layukan GSM sun fara aiki a Najeriya. Wannan dacewar ta sa mutane da dama a Arewa suka buɗe ido da ita. Kwamfutocin da suka cika kafe-kafe da ofisoshi a shekarun da suka biyo baya na hannu ne, an gama cin moriyarsu a Turai aka loda su zuwa Legas, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja su hau mota zuwa Kano da Sakkwato. XP ta dace da irin wannan na'ura domin ba ta da ci. Tana tashi da RAM mai megabait 64, ta wala da 128, ga wurin zama na gigabait ɗaya da rabi kacal. Windows 11 ta yau ba ta kallon na'urar da ba ta da gigabait 4 na RAM da 64 na ma'adana.

Hoton da ke fuskarta, koren tudu a ƙarƙashin shuɗin sama, wani mai ɗaukar hoto Charles O'Rear ne ya ɗauke shi a jihar Kalifoniya. Wanda ya zauna a gabansa cikin zafin watan Afrilu a Sakkwato ya san ba ƙaramar tsokana ba ce.

Amma ba tudun ake kewa ba. XP an gina ta ne bisa zaton cewa mai ita ba lallai yana da intanet ba. Mai gyara zai zo da faifai a jaka, wanda ba kasafai ake tambayar asalinsa ba, ya ɗora ta, ya sa direbobin firinta, shi ke nan na'ura ta kama aiki ba tare da ta nemi imel ɗin kowa ba. Sabuntawa kuma sai mai na'ura ya ga dama. A kanta ne PageMaker ta zauna daram, manhajar da maɗaba'o'i da yawa suka yi amfani da ita wajen tsara littattafai da katin biki da kalanda. Adobe ta tsaya da PageMaker a zubi na 7 a 2001, ba ta kuma gyara ta don Windows ɗin da suka biyo bayan XP ba. Wannan ne dalilin da ya sa wasu masu ɗab'i suka ajiye tsohuwar na'ura guda a lungu shekara da shekaru, ba a haɗa ta da komai, aikinta kawai buɗe tsofaffin fayiloli.

Masana'antu da bankuna a duniya ma haka suka yi, da nasu dalilin. Injin da aka gwada manhajar sarrafa shi a kan wata Windows ba a taɓa shi don kawai sabuwa ta fito. Lokacin da Microsoft ta janye tallafin XP ranar 8 ga Afrilu, 2014, ɗimbin na'urorin cirar kuɗi a duniya a kanta suke, kuma wani reshenta na na'urorin ciniki ya ci gaba da samun gyara har Afrilun 2019.

Dole a faɗi aibinta. Da zarar an cusa filashi, XP tana iya tayar da abin da ke cikinsa ba tare da tambaya ba, kuma ta wannan ƙofa bairos ya yi ta yawo daga shago zuwa shago, yana ɓoye wa ɗalibai aikin kammala karatunsu. Windows 7 ta toshe ƙofar, a 2011 kuma aka tura wa XP irin wannan gyaran. Wannan ragi ne da babu mai kuka a kansa.

Windows 7 da abin da ya biyo baya

Vista ta zo ta wuce ba ta yi farin jini ba, da zuwanta kuma wasan Pinball ya tafi. Windows 7, wadda ta fito ranar 22 ga Oktoba, 2009, ita ce ta gaji ƙaunar da aka yi wa XP, har yau kuma akwai masu gyaran da za su ce maka ba a yi kamarta ba. Tana kunna faifan DVD da kanta, tana da manhajar haɗa shi, ga Movie Maker da ake saukewa kyauta. Matasa da yawa masu ɗaukar bidiyon biki da walimar sauka a kan Movie Maker suka koyi yanka da jona hoto kafin su kai ga manyan manhajoji.

Windows 8 ta Oktoban 2012 ita ce ta yi ɓarnar da ta fi kowace suna. Microsoft ta hango kwamfutocin shafa-allo, sai ta cire maɓallin Start da jerin da ke ƙarƙashinsa, abin da ke kusurwar hagu tun 1995, ta maye gurbinsa da manyan akwatuna masu launi da suka cika fuska. Wanda ya yi wata uku a makarantar koyon kwamfuta, aka fara masa darasi da "danna Start", ya wayi gari bai san ta inda ake kashe na'urar ba. Ihun ya yi yawa har kamfanin ya dawo da maɓallin a 8.1 a 2013, jerin kansa kuma a Windows 10 a 2015. Kafin nan mutane sun nemi mafita a Classic Shell, ƙaramar manhaja ta Ivo Beltchev mai dawo da tsohon fasali, wadda wasu suka ci gaba da ita da sunan Open-Shell bayan ya ajiye ta a 2017. A Windows 8 ɗin ne aka cire kunna DVD. Movie Maker kuma aka rufe ta a Janairun 2017.

Windows 10 ta gyara fuska, ta kawo wani ciwon. Sabuntawa ta zama tilas. Ga wanda ke da intanet marar iyaka wannan alheri ne, domin harin bairos ɗin WannaCry na Mayun 2017 ya nuna abin da ke samun na'urar da ba a sabunta ta. Ga mai shagon da ke jona kwamfuta da datar wayarsa kuwa, abin na nufin a kwashe masa data cikin dare ɗaya, ko na'ura ta tsaya tana juya ɗigo-ɗigo alhali janareta na shan mai, mutane kuma na tsaye da takardu a hannu. Akwai wurin da ake gaya mata cewa datar a ƙidaye take, amma sai wanda ya sani. Ko Solitaire, wasan kartar da ke cikin Windows tun 1990, ya zo ne da tallace-tallace a jikinsa.

Windows 11 ta 5 ga Oktoba, 2021, ta ƙara nisa. Ta fito ba a iya matsar da sandar ƙasan allo zuwa sama ko gefe, ta naɗe rabin abin da ke fitowa idan an danna dama a bayan wata dannawar. Waɗannan ƙanana ne. Manyan su ne sharaɗin guntun tsaro na TPM 2.0, wanda ya fitar da miliyoyin lafiyayyun kwamfutoci daga layi, da kuma neman intanet da asusun Microsoft tun wajen ɗora ta. Kwamfutar shago ba ta mutum ɗaya ba ce, asusun wa za a sa? Masu gyara sun koma ga Rufus, manhajar Pete Batard ta shirya filashin ɗora Windows, wadda ke iya tsallake sharuɗɗan biyu. Internet Explorer ta yi ritaya a Yunin 2022, WordPad kuma, wadda ke buɗe takarda ko babu Office, aka cire ta a 2024.

A waya

Mafi yawan Hausawa ba a kan tebur suka san babbar manhaja ba, a tafin hannu suka san ta. Ƙananan wayoyin Nokia, Symbian ta manyansu, da BlackBerry mai lambar PIN da samari ke musaya, duk sun yi zamaninsu. Nokia ta juya wa Symbian baya a Fabrairun 2011. WhatsApp ta daina aiki a kanta a tsakiyar 2017, a kan ƙananan Nokia masu S40 kuma a ƙarshen 2018, sannan aka kashe hidimar tsohuwar BlackBerry ranar 4 ga Janairu, 2022. Wayoyin ba su lalace ba, ƙofa aka rufe musu.

Android da ta gaje su ta fara da sakin hannu, daga baya ta riƙa tsukewa, kuma masu sana'ar tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a bakin kasuwa su suka fi jin haka a jikinsu. Da, in ka jona waya da kwamfuta sai ta bayyana kamar filashi, ka zuba abin da za ka zuba. Daga wajajen 2011 aka sauya hanyar da wata mai nawa da yawan katsewa. Zubin KitKat na 2013 ya taƙaita wa manhajoji rubutu a kan memori, Android 11 ta 2020 kuma ta kulle wasu manyan jakunkunan fayil. A Mayun 2022 Google ta hana manhajojin naɗar kira bin hanyar da ta rage musu. Dalilin kare sirri ne, kuma dalili ne mai ƙarfi. Sai dai ɗan kasuwar da ke ƙulla cinikin buhu ɗari ta baki, wanda naɗaɗɗiyar murya ce rasit ɗinsa, ba a tambaye shi ba.

Hausar da ta shiga ta fita

Akwai ragi guda da ya shafi Hausawa kai tsaye, shi ne kuma aka fi yin shiru a kansa. Matsalar farko ta Hausa a kwamfuta haruffa masu lanƙwasa ce. A shekarun 1990 babu ɓ da ɗ da ƙ a rubutun da ke zuwa da na'ura, har Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro nau'o'in rubutu biyu, Rabi'at da Abdalla, da marubuta da maɗaba'o'i suka daɗe suna dogaro da su. Illarsu ita ce in an kai takardar wata na'urar da ba ta da su, sai lanƙwasar ta rikiɗe zuwa wasu alamomi. Tsarin Unicode ne ya warware wannan, kuma Windows ta zo da allon rubutun Hausa nata.

Daga zamanin Vista Microsoft ta ƙara da kunshin harshe mai juya fuskar Windows zuwa Hausa, tare da na Yarbanci da na Igbo. Ya bi ta Windows 7 da 8 har zuwa 10. Fassarar ba ta kai ko'ina ba, in aka nutsa cikin saituna sai Turanci ya dawo, wasu kalmomin kuma sai an yi tunani kafin a gane abin da ake nufi. Makarantun koyon kwamfuta da Turanci suke koyarwa, jarrabawar JAMB da ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015 ma haka, mai gyara kuma ba ya ɗora abin da ba a tambaye shi ba. Saboda haka kunshin ya zauna kamar rijiyar da aka haƙa a bayan gari ba a yi shela ba. Da wuya ka samu shagon da ya taɓa kunna shi, alhali mutumin da ke zaune a wurin yana iya sa ƙaramar wayarsa a Hausa ba tare da wani ya koya masa ba.

Da Windows 11 ta fito, jerin harsunanta ya gaza na Windows 10, kuma Hausa da Yarbanci da Igbo suna cikin waɗanda aka sauke. Allon rubutun yana nan, ana iya buga ƙ da ɗ, amma fuskar ba ta magana da Hausa. An yi ihu a kan maɓallin Start har ya dawo cikin shekara guda. Wannan kuwa babu wani ihun da ya kai kunnen kamfanin.

Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ta ba masu amfani da ita a gida damar ƙarin shekara ɗaya ta gyaran tsaro, zuwa Oktoban 2026, bisa sharaɗin su shiga da asusun Microsoft.