Kwano ya kori akushi, muciya tana nan daram

Wanda ya leƙa madafar gidan Bakano a yau zai tarar da zamani biyu jingine da bango ɗaya. Ga robobi da kuloli da galan ɗin man gyaɗa da ledar gari mai tambarin kamfani. Can gefe kuma ga turmi da taɓarya, ga muciya da maburgi da faifai, kayan da matar da ta rayu zamanin Sarki Muhammadu Rumfa za ta ɗauka ta yi aiki da su ba tare da an nuna mata ba. Akan ce masana'antun Bompai da Sharada da Challawa sun juya girkin Bahaushe. A ganina ƙarfinsu ya tsaya ne a kan mazubi, wato abin da ake zuba abinci a ciki, amma kayan da ke sarrafa abincin sun gagare su, kuma masana'antar da ta ci riba ita ce wadda ta bi abin da uwargida ta riga ta saba.

Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kusan duk abin da ke madafa daga gona da daji da hannun mai sana'a yake fitowa. Duma ya ba da ƙwarya da masaki da ludayi, masassaƙi ya fafe akushi ya sassaƙa turmi, maginin tukwane ya gina randa da tulu da tukunyar tuwo da madambaci. Jirgin ya kwashi gyaɗa zuwa Ikko, ya dawo da kayan kanti, cikinsu har da kwanuka masu fenti daga Turai, daga baya kuma daga Hong Kong. Kuɗin gyaɗa ne ya sayi kwanon, kuma gyaɗar ce ta kawo injinan farko: tun shekarun 1940 'yan kasuwa irin su George Calil, ɗan Labanan, suka fara matse mai a Kano. Da aka keɓe Bompai domin masana'antu a shekarun 1950, sai masu yin kwano na Hong Kong suka ga ya fi musu sauƙi su kafa injinsu kusa da mai saye, maimakon su yi ta biyan harajin shigo da kaya. Haka aka sami kamfanin Northern Enamelware a Kano a shekarun da suka kewaye samun 'yancin kai.

To, wa ke sayen kwanukan nan masu yawa haka? Gida ɗaya ba ya buƙatar langa hamsin don cin tuwo. Ɗakin amarya ne ya riƙe wannan kasuwa. Al'adar jere ta girmi kwano nesa ba kusa ba, domin da ƙore masu zane da tasoshin tagulla ake ƙawata ɗaki tun da can. Da kwalla da fanteka da langa da samira suka zo, sai suka hau gurbin da aka riga aka tanadar musu a bango da cikin kabad. Uwa takan fara tara wa 'yarta tun tana ƙarama, sau da yawa da ribar tallan da yarinyar ke yi, kuma kayan nan dukiyar mace ce ta kanta, wadda za ta iya sayarwa ranar da ta shiga matsi. Kenan asusu ne mai fenti. Injin Bompai bai ƙirƙiro wannan buƙata ba, tarar da ita ya yi, ya yi mata hidima. Kwano ya samu gindin zama har ya zama ma'auni: a Dawanau da sauran kasuwanni da kwano ake awon gero da dawa, ko da abin awon ya sauya kama.

Da arzikin man fetur ya zo a shekarun 1970, aka buɗe Sharada da Challawa, roba ta biyo bayan kwano ta yi masa abin da ya yi wa akushi. Bokiti da baho da buta da kofin roba suka cika kasuwar Ƙofar Wambai, tulu ya ja da baya, ƙwarya ta koma hannun mai fura da nono. Duk da haka babu injin da ya fitar da muciyar da ta kori ta itace. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san tuƙin tuwo: roba za ta narke, ƙarfe zai ɗauki zafi ya kankare gindin tukunya, itace ne kaɗai ke jure nauyin tuwon gidan mutum ashirin. Haka maburgi wajen kaɗa miyar kuka, haka turmi wajen dakan yaji da kirɓa fura. Hatta babbar tukunyar biki mai hawa duwatsun murhu uku, maƙera ne ke zuba ta da narkakken alminiyum a cikin yashi, a rumfunan da ba su da tambari.

Mai musu zai ce an manta da kayan masarufi. Ai kamfanin Northern Nigeria Flour Mills, wanda aka yi wa rajista a 1971 yake kuma niƙa a Bompai, ya cika gari da fulawa, ga taliyar leda, ga dunƙulen Maggi a kowace miya. Wannan magana tana da nauyi, amma a duba inda fulawar ta tafi. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano; ana noma ta a fadamu, ana yin alkaki da finkaso da taliyar hannu da ita tun zamanin fataken Sahara. Fulawar inji ta shiga tanderun masu gurasa na Jakara kamar yadda ta shiga gidajen burodi. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, masu niƙa sun karkata ga hatsin gida, kuma garin masara na Masavita da wannan kamfani ya yi suna da shi, tuwo ake tuƙawa da shi. A Sharada, kamfanin Dala Foods ya zuba garin kunun tsamiya a fakiti. Nan ma injin ne ya je makarantar uwargida. Maggi kam ya ci wa daddawa kasuwa, babu gardama, sai dai mai miyar kuka ko kuɓewa busasshiya da ta san hannunta tana jefa dunƙule ne bayan ta daka daddawar kalwa.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce injin niƙa, domin shi kam kayan aiki ya kashe: dutsen niƙa ya ɓace daga gidajen birni, tare da waƙoƙin da mata ke yi a kansa. Na yarda, kuma ba abin kuka ba ne, don baya da gwiwoyin mata sun huta. Amma injin nan a bakin layi yake, a hannun ɗan unguwa, ana aika masa yaro da roba cike da surfaffen hatsin da uwargida ta zaɓa ta wanke ta shanya. Wahalar ya ɗauke, hukuncin abin da za a ci yana hannunta.

Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, faɗuwar darajar naira da ƙarancin wutar lantarki da kwararar kayan Sin sun rufe masana'antu da dama a unguwannin nan uku, wasu gine-ginen suka koma ɗakunan ajiyar kaya. Asara ce babba ga dubban ma'aikata da iyalansu, kuma Kano ba ta gama farfaɗowa daga ita ba. Jeren amarya ya koma faranti na tangaran da kuloli, akasarinsu na waje, kwalla ta zama kayan kaka. Masassaƙin ƙauye kuwa, wanda bai taɓa dogara da wutar NEPA ko canjin dala ba, har gobe yana loda turame da muciyoyi a mota ranar kasuwa, kuma uwar amarya tana tsayawa ta taya.