Wayar da ta tsayar da asibiti: tarihin waya ta biyu

Idan ka taɓa shiga ɗakin kwamfutoci, ko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, ko a wata cibiyar jarrabawar JAMB a Kazaure, ƙila ka lura da wani akwati mai fitilu da wayoyi suka taru a jikinsa. Shi ake kira swici. Aikinsa karɓar saƙo daga wata kwamfuta ya miƙa wa wata. To, a ce swici biyu ne waya ɗaya ta haɗa su, sai ka ce bari in ƙara ta biyu saboda tsaro. Dabara ce mai kyau ko? Sai dai wannan waya ta biyu ta daɗe tana ba injiniyoyi ciwon kai.

Fasahar Ethernet ta samo asali ne a 1973, a hannun Robert Metcalfe da abokan aikinsa a kamfanin Xerox a Amurka. Saƙon Ethernet ba shi da wa'adi, wato babu abin da ke ƙirga zagayensa ya ce ya isa haka. Kuma idan swici ya karɓi saƙon shela, yakan tura shi ta kowace ƙofa ban da wadda ya shigo. Ka ɗauka masu unguwa uku ne, kowa ya ji sanarwa sai ya aika wa sauran, kuma ba mai tuna ya taɓa jin ta. Yaushe za a daina? Haka saƙon zai yi ta kewayawa har layi ya cushe. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

A 1985 Radia Perlman, injiniya a kamfanin DEC, ta fito da mafita. Swici-swicin za su zaɓi ɗaya a matsayin tushe, kowanne ya nemi hanya mafi sauƙi zuwa gare shi, sauran hanyoyin a rufe su a ajiye. Idan hanyar da ake bi ta yanke, sai a buɗe ta ajiya. Tsarin ya yi kama da bishiya, akwai rassa amma ba da'ira. Shi ne STP, wanda ƙungiyar IEEE ta mayar ƙa'ida a 1990. Matsalarsa jinkiri, don sauya hanya kan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50. A 2001 aka fito da RSTP mai sauri.

Amma shi ma STP yana da iyaka. Ranar 13 ga Nuwamba 2002, netwok ɗin asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston ya durƙushe. An daɗe ana jona swici kan swici, har wani sashe ya kai zango 10 daga tushe, alhali tsarin an auna shi ne a kan 7. Da bayanan wani mai bincike suka yi yawa a layin, sai komai ya rikice. Kusan kwana huɗu likitoci suka koma takarda da biro, ana kai sakamakon gwaji da ƙafa.

To ita wayar ajiya fa, haka za ta zauna ba aiki? A farkon shekarun 1990 kamfanin Kalpana ya fito da EtherChannel, dabarar ɗaure wayoyi da yawa su zama tamkar ɗaya, kuma Cisco ya sayi kamfanin a 1994. A 2000 IEEE ta fitar da ƙa'idar da ta ƙunshi LACP, inda swici biyu ke tuntuɓar juna kafin su amince da ɗaurin. Nan ma akwai tarko. Idan ka ɗaure ɓangare ɗaya da hannu ka manta ɗayan, da'irar da ake gudu na iya dawowa. Wayoyin kuma dole gudunsu ya zama ɗaya. Sannan kar ka yi mamaki idan tura fayil guda bai ninka sauri ba, domin kowace hira waya ɗaya take bi.

Me wannan tarihi zai amfane ka da shi? Ranar da ka ga fitilun swici duk suna ƙiftawa lokaci ɗaya kamar sun haukace, kuma komai ya tsaya, kar ka fara zargin kamfanin intanet. Tambayi waye ya jona wani abu a ƙarshe. Duba ko waya ɗaya ce kanta biyu suka shiga swici ɗaya. Zare wayoyin da ke haɗa swici da swici ɗaya bayan ɗaya, har fitilun su lafa. Ka kuma sani yawancin ƙananan swici masu araha ba su da STP ko kaɗan.

Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibin da ya taso daga Roni ko Gwiwa tun asuba, wahalar shekararsa na rataye a kan waɗannan wayoyi. Don haka kafin ranar jarrabawa, zana taswirar netwok ɗinka a takarda, ka sa wa kowace waya lamba, ka tabbatar ka san inda kowace ta fito da inda ta nufa.