Daga Koriya Zuwa Gidajen Turawa: Tarihin Rayuwar Yara Masu Wayo a Hannun Iyayen Riƙo

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe ɗan riƙo ba ya rasa asalinsa. Ko da a hannun gwaggo ko kawu ya tashi, ya san mahaifinsa, da sunansa ake kiransa, kuma a wajensa yake cin gado. Riƙon da wannan maƙala za ta duba ya sha bamban da wannan, domin kotu ce ke yanke dangantakar yaro da waɗanda suka haife shi, ta mayar da shi ɗan wasu mutane a wata ƙasa. Babu inda al'amarin ya daɗe kamar Koriya ta Kudu, wadda aka ƙiyasta cewa ta tura yara kimanin 200,000 zuwa Amurka da Turai tun daga ƙarshen yaƙinta na 1950 zuwa 1953. Mafi yawansu jarirai ne. Amma akwai waɗanda suka bar gida da wayonsu, wato 'yan shekara biyar zuwa goma, kuma a kansu maƙalar ta fi mayar da hankali.

2.0 Mafarin Al'amari

A shekarar 1955 wani manomi daga jihar Oregon mai suna Harry Holt, shi da matarsa Bertha, suka ɗauki yara takwas daga Koriya, ƙari a kan 'ya'ya shida da suka haifa. Dokar Amurka ta lokacin yara biyu kawai ta yarda iyali su shigo da su, sai da majalisa ta yi musu doka ta musamman. A 1956 suka kafa hukumar da ta ɗauki sunansu. Yaran farko galibi 'ya'yan sojojin ƙetare ne da matan Koriya, waɗanda jama'a ke ƙyama. Daga baya aka koma kan 'ya'yan talakawa da na matan da ba su da aure, har a 1985 kaɗai aka fitar da fiye da yara 8,000. Kafin 1961 ta hanyar wakili ake ƙulla riƙon, ta yadda iyaye ba sa ganin yaro sai ranar da suka je tarbarsa a filin jirgin sama.

3.0 Zaman Gida

Jariri bai san an sauya masa hannu ba. Yaro mai shekara bakwai kuwa ya iso da sunansa da harshensa da ɗanɗanon abincin gidansu. Ya saba kwana a ƙasa kusa da uwa ko 'yan'uwa, sai ga shi shi kaɗai a ɗaki bisa gado, an kashe fitila an ja ƙofa. Iyayen na ganin gata suka yi masa, shi kuwa yana ganin horo ne. Ya saba da shinkafa da kabeji mai yaji, aka ajiye masa burodi da madara da cuku. Wanda ya ɗanɗani yunwa a gidan marayu yakan ɓoye abinci a ƙarƙashin matashi, a ɗauka sata ce. Har ila yau, wanda yake babban wa a gidansu yakan wayi gari shi ne auta, ko kuwa ya zo ya ture ɗan fari na gidan daga matsayinsa, abin da ba kasafai yaran gida ke yafewa da wuri ba. Shawarar da ta yi tashe a wancan zamani ita ce a sa masa sabon suna, a riƙe shi kamar kowa, a bar abin da ya wuce. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai ta ɗora wa yaro nauyin mantuwa shi kaɗai.

Misalin Deann Borshay Liem ya isa hujja. A 1966, tana da shekara takwas, aka kai ta wani gida a Kalifoniya da sunan Cha Jung Hee, alhali sunanta Kang Ok Jin. Mahaifin mai sunan ya zo ya ɗauke 'yarsa daga gidan marayu, sai aka sa wannan a gurbinta, aka gargaɗe ta kada ta faɗa. Da bakinta ya buɗe da Ingilishi ta shaida wa uwar riƙonta cewa tana da uwa a raye. Uwar ba ta gaskata ba, domin takardu sun ce marainiya ce. A hankali ita ma yarinyar ta daina gaskata kanta. Sai bayan ta girma ta rubuta wa gidan marayun wasiƙa, amsa ta zo daga wanta. A fim ɗinta na shekarar 2000, First Person Plural, an nuna iyayenta mata biyu zaune a ɗaki guda a Koriya, ita kuma ba ta iya magana da wadda ta haife ta sai da tafinta.

4.0 Harshe

Wannan ɓangare ya ja hankalin masana harshe. A 2003 Christophe Pallier da abokan aikinsa suka gwada mutum takwas da aka kai Faransa daga Koriya suna tsakanin shekara uku da takwas. Ba su iya bambance jimlolin Koriyanci da na sauran baƙin harsuna ba, kuma hoton ƙwaƙwalwarsu bai nuna wata alamar sabo da shi ba. Wani bincike na 2017 a ƙasar Holan ya sassauta hukuncin, domin ya gano cewa 'yan riƙo sun fi Holawa saurin koyon furta sautukan Koriyanci. Ke nan akwai saura a ɓoye, amma bai kai na gaisawa da uwa ba.

5.0 Takardu

Abin da ya fi muni shi ne sakacin takardu. Wasu iyaye a Amurka sun ɗauka hukuncin kotu ya mayar da yaro ɗan ƙasa, ba su nema masa shaida ba. Dokar da ta toshe wannan kafa a shekarar 2000 ba ta haɗa da waɗanda suka cika shekara 18 kafin ta fara aiki a Fabrairun 2001 ba. Phillip Clay, wanda aka kai Amurka a 1983 yana da shekara takwas, an tasa ƙeyarsa zuwa Koriya a 2012 bayan ya yi ta shiga hannun hukuma, ba harshe ba dangi. A 2017 ya kashe kansa.

Koriya kanta ta daɗe tana jan ƙafa. Shugaba Kim Dae-jung ya nemi gafarar wasu 'yan riƙo a fadarsa a 1998. Sai a Maris na 2025 Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta ƙasar, wadda ta karɓi koke 367, ta tabbatar da cewa an tauye haƙƙi a guda 56, ciki har da rubuta yara masu iyaye a matsayin marayu da musanya wani da wani, ta kuma ɗora alhakin a wuyan gwamnati. Yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda ta shar'anta a fara nema wa yaro gida a ƙasarsa, ba ta fara aiki a Koriya ba sai a watan Oktoba na 2025.