Asibitin Noma na Sakkwato: Inda ake gyara fuska da zukatan yara

Cutar Noma ciwo ce da ke farawa daga dasashi, sannan ta cinye kunci da leɓe da hanci, har da ƙashin fuska. Sunan ba shi da alaƙa da aikin gona, ya samo asali ne daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar cinyewa. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda ke fama da tamowa ko waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998, yara 140,000 ne ke kamuwa da ita duk shekara, kuma har tara cikin goma na iya rasuwa idan ba su samu magani ba.

Tarihin asibitin

An buɗe Asibitin Yara na Noma a birnin Sakkwato a 1999, bayan ƙungiyoyin agaji daga Turai sun fara turo likitocin tiyata zuwa jihar. Yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato, kuma yana cikin 'yan ƙalilan a duniya da aka keɓe wa wannan cuta. Tun daga 2014 Ƙungiyar Likitoci ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, ke tallafa masa. Ana duba marasa lafiya tare da yi musu aiki kyauta.

Aikin da ake yi

Yaron da ya tsira yakan tashi da rami a fuska ko muƙamuƙi a ɗafe, abin da ke hana shi ci da magana yadda ya kamata. Kafin tiyata sai an ciyar da shi har ya murmure. Daga nan ƙwararrun likitoci na gida da na waje, waɗanda ke zuwa lokaci-lokaci a cikin shekara, suke ɗebo fata daga wani sashe na jikinsa su rufe wurin. Sau da yawa ba a gama gyaran a tiyata ɗaya. Bayan haka akwai atisayen buɗe baki na tsawon watanni.

Sai dai tabon zuciya ya fi na fuska wuyar warkewa. Irin waɗannan yara kan rufe fuska, su ƙaurace wa makaranta da dandali saboda tsangwama. Shi ya sa asibitin ke da masu ba da shawara da ke zama da yaro da iyayensa, ana kuma haɗa shi wasa da 'yan uwansa masu irin larurarsa, har ya saba da shiga mutane. Misali a nan ita ce Mulikat Okanlawon, wadda aka yi wa tiyata a Sakkwato, ta kuma dawo tana aiki a asibitin. Ita da Fidel Strub ne suka kafa Elysium, ƙungiyar farko ta waɗanda suka tsira daga cutar, kuma mujallar Time ta sanya su cikin mutum 100 mafiya tasiri a fannin lafiya a 2024.

Matsayin cutar a yau

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa. Haka kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi 'yancin ilimi ga irin waɗannan yara.

Ga iyaye a Boɗinga da Shagari

Ƙananan hukumomin biyu suna kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, don haka isa asibitin ba ya cinye yini. Abin da ke kashe yara shi ne jinkiri, domin cutar na iya ɓata fuska cikin mako biyu. Alamomin farko su ne zubar jini daga dasashi, warin baki mai tsanani da kumburin kunci. A wannan mataki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki kan wadatar. Duk wanda ya ga haka ga ɗansa ko ɗan maƙwabcinsa, ya garzaya da shi asibiti mafi kusa a ranar.