Abu Zaidu Al-Balkhi da Littafin Gyaran Jiki da Rai

Akwai mutumin da zai yi shekaru ko ciwon kai bai kwantar da shi ba, amma da wuya ya yi mako guda ransa bai ɓaci ba, ko gabansa bai faɗi ba, ko wani tunani bai hana shi barci ba. Wannan lura ta wani malami ce da ya rayu shekaru sama da 1,000 da suka wuce, kuma a kanta ya kafa hujjar cewa rai ma yana bukatar likita kamar yadda jiki yake bukata. Sunansa Abu Zaidu Ahmad ɗan Sahlu Al-Balkhi, littafin nasa kuma Masalihul Abdani wal Anfus, wato abubuwan da ke gyara jikuna da rayuka.

An haifi Al-Balkhi wajajen shekarar 850 Miladiyya a ƙauyen Shamistiyan da ke kusa da birnin Balkh, a yankin Khurasan, cikin ƙasar Afganistan ta yau. Mahaifinsa malamin yara ne. Yana saurayi ya bi ayarin alhazai a ƙasa zuwa Iraƙi, inda ya yi shekara 8 yana neman ilimi. A can ya zauna gaban Al-Kindi, wanda ake yi wa laƙabi da masanin falsafar Larabawa. Lokacin Bagadaza na tsakiyar aikin fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci, mutane irin su Hunainu ɗan Ishaƙa suna juyar da rubuce-rubucen likita Jalinusu. Shi kansa Al-Kindi yana da wata risala a kan dabarar kawar da baƙin ciki, don haka ɗalibin ya tarar da ana wannan magana a zauren malaminsa.

Da ya koma gida sai ya kama koyarwa da rubutu. Mai mulkin Balkh ya yi masa tayin waziranci ya ƙi, ya karɓi aikin magatakarda. Saboda iya sarrafa alƙalami har ana kiransa Jahizun Khurasan. Ya rubuta gwamman littattafai a fannoni dabam-dabam, amma abin da ya fi fito da sunansa shi ne labarin ƙasa da zanen taswira, domin Al-Istakhri da Ibnu Hauƙal a kan harsashinsa suka ɗora. Ya rasu a 934, daidai da shekara ta 322 bayan Hijira. Yawancin littattafansa sun ɓace, wannan na lafiya yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira.

Littafin kashi biyu ne. Na farko babi 14 ne a kan jiki: muhalli da ruwa da iska, abinci da abin sha, turare, barci, saduwar iyali, wanka, motsa jiki, tausa, har da sauraren kiɗa. Na biyu babi 8 ne a kan rai. Haɗa su cikin bango ɗaya shi ne saƙon littafin. Al-Balkhi ya koka cewa likitocin zamaninsa sun tattara hankalinsu a kan magani da ƙaho da tsaga, sun bar zuciya a baya, alhali jiki da rai a sarƙe suke. Mai zazzaɓi ba ya iya karatu ko tunani mai kyau, wanda damuwa ta danne kuma abinci ba ya yi masa daɗi, barci ya ƙaurace masa, daga nan jikin ma ya kwanta. Likitocin da suka gabace shi sun san fushi da tsoro suna taɓa lafiya, sun lissafa su cikin abubuwan da ake kiyayewa. Abin da shi ya ƙara shi ne ya ware wa cututtukan rai nasu babin, kowanne da alamominsa da hanyar maganinsa.

Ya kasa su gida huɗu: fushi, tsoro da firgita, baƙin ciki da ƙuncin rai, sai kuma waswasi. Kalmar ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin daga Larabcin nan muka aro ta.

A kan fushi ya fi mayar da hankali ga masu mulki, saboda fushin mai iko yana iya cin rayuka. Shawararsa ita ce sarki ya ajiye mutane masu hankali a kusa, ya ba su izini tun yana cikin natsuwa cewa idan sun ga ya hau dokin zuciya su tunatar da shi kafin ya yanke hukunci. Mai fushin kuma ya riƙa tuna yadda nadama ke biyo baya, da yadda fushi ke tafasa jiki ya bar shi da ciwo.

A kan tsoro ya kawo misalin hazo. Wanda ya hango shi daga nesa zai ɗauka bango ne da ba a ratsawa, amma in ya shiga sai ya ga iska ce yana shaƙa yana tafiya. Yawancin abin da mutum yake tsoro, in ji shi, haka yake, kuma da yawa ma ba ya faruwa. Maganin da ya bayar shi ne horar da rai: mutum ya riƙa kusantar abin da yake gudu, yana gani yana ji, sau da yawa, har ya saba, kamar yadda mayaƙi ko mai ɗinkin rauni yake sabawa da ganin jini.

A babin baƙin ciki ne ya yi rabon da ya fi ba masana na yau mamaki. Akwai wanda sababinsa a fili yake, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya. Wannan ana maganinsa da lallashi daga waje da kuma tunani daga ciki: mutum ya auna abin da ya rasa da lafiyar da zai ƙara rasawa idan ya bar baƙin cikin ya cinye shi, ya tuna duniya ba wurin samun duk abin da ake so ba ce, ya duba waɗanda musibarsu ta fi tasa, ya kuma san cewa zafin rana ta farko ba ya ɗorewa. Sannan akwai wanda yake saukowa ba dalili, ya rufe mutum, ya cire masa sha'awar komai da kuzarin komai. Wannan Al-Balkhi ya ce tushensa a jiki yake, daga gurɓatar jini da makamantansa, saboda haka dole a yi wa jikin magani, a haɗa da hira mai daɗi da abin da ke faranta rai. Bai ɗora wa mai wannan hali laifin rashin haƙuri ba.

Waswasi kuwa ya bayyana shi da zancen zuci mai naci, wanda yake zuwa ba a gayyace shi ba, ya cika mutum da zaton mugun abu na dab da samunsa, har ya hana shi sana'a da jin daɗin zama da iyali. Ya ce mai wannan ciwo ya guji kaɗaici da zaman banza, domin zuciyar da ba ta da aikin yi kanta take juyowa ta ci. Ya nemi abokin da ya yarda da shi, wanda zai riƙa nuna masa inda tunaninsa ya kauce. Ya kuma riƙa yi wa tunanin gardama, kamar mai ƙaryata abokin shari'a a gaban alƙali.

Akwai wata dabara da ta ratsa babukan nan duka. Mai hankali yakan ajiye magani a gida tun yana da lafiya, saboda ciwo ba ya sallama. To haka ya kamata ya tanadi kyawawan tunani a lokacin da ransa yake kwance, ya yi ta bitarsu, domin ranar da fushi ko firgici ya taso ba lokacin ƙirƙiro su ba ne. Rigakafi ya fi magani ke nan, amma a fagen zuciya.

Bayan rasuwarsa sunansa ya ci gaba da yawo a matsayin masanin ƙasa, littafin lafiyar kuwa ya yi shiru. Kwafi biyu na rubutun hannu suka saura cikin tarin littattafan Ayasofiya a Istanbul. A 1984 masanin tarihin kimiyya ɗan Turkiyya, Fu'ad Sezgin, ya buga hotonsu a birnin Frankfurt na Jamus. A 2013 Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, ya fitar da fassarar kashi na biyu da Turanci. A 2015 Dakta Rania Awaad ta Jami'ar Stanford a Amurka da abokiyar aikinta Sara Ali suka buga nazarin da ya gwada bayaninsa na waswasi da ma'aunin likitocin ƙwaƙwalwa na yau, suka ga kusancin yana da yawa. Masu karatu da dama sun kuma lura da kamar da ke tsakanin hanyarsa da maganin gyaran tunani da Aaron Beck ya ɓullo da shi a Amurka cikin shekarun 1960.

Sai dai kada zumuɗi ya ɗebe mu. Al-Balkhi ɗan zamaninsa ne. Ya yarda da ra'ayin Girkawa cewa lafiya tana tsaye a kan daidaiton ruwaye huɗu, jini da majina da safra'u da sauda'u, ra'ayin da likitanci ya daɗe da ajiyewa. Bai yi gwaji a kan marasa lafiya irin na yau ba, kuma Beck bai koya daga gare shi ba, kowa da hanyar da ya bi ya iso. Littafinsa tarihi ne, ba ya maye gurbin asibiti.

Darajarsa tana cikin yadda ya kalli mai ciwon. Musulmi ne masanin addini, har da rubuce-rubuce a kan Alƙur'ani, kuma a littafin yana kiran mai baƙin ciki zuwa ga haƙuri da kyautata zato. Duk da haka bai ga karo tsakanin wannan da neman magani ba. A wurinmu har yau, wanda ya rame ya daina magana akan ce masa ya cire damuwa a ransa kawai, ko a fara raɗe-raɗin an yi masa jifa, shi kuma ya ɓoye don kada a kira shi mahaukaci. Malamin Balkh ya riga ya bambance tun ƙarni na 10: wani baƙin cikin nasiha da abokin hira suke warkar da shi, wani kuma sai an kai jikin gaban likita. Aikin dangi da abokai shi ne su zauna da mutum su saurare shi, har su gane wanne ne yake damun nasu, su raka shi inda ya dace.