Hanyar Karkara: A Wuyan Wa Nauyin Gyara Yake?

 Dalilin wannan rubutu shi ne rasuwar wani abokin karatunmu, wanda akori-kurar da ta ɗauko shi daga kasuwar ƙauye ta faɗa cikin karyayyen kwalbati da damina. Allah Ya jiƙansa. Tun ranar da muka je gaisuwa nake tambayar kaina, wai shin a wuyan wa nauyin gyaran wannan kwalbati yake?

A zamanin Turawa, En'e ce ke kula da hanyoyin karkara daga kuɗin harajin da ke shiga baitulmali. Da farko aikin tilas ne, dagaci ya fito da talakawa su share hanya, kuma ba na kewar wannan zalunci. Amma daga baya an ɗauki leburori ana biyansu, kowace ƙungiya da yankin da take cike ramukansa. Idan ruwa ya cinye hanya, an san wanda za a tuhuma.

Da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a 1976, sai wannan nauyi ya koma kansu, kuma tsarin mulkin 1999 ya bar shi a hannunsu. Ke nan hanyoyin da suka fi yawa a ƙasar nan an rataya su ne a wuyan hukumar da ta fi kowa ƙarancin kuɗi, wadda kasonta ma sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha.

Gwamnatin Tarayya ta sha yunƙurin cike wannan giɓi. A 1986 Janar Babangida ya kafa hukumar DFRRI a ƙarƙashin Larry Koinyan, ta buɗe hanyoyin burji zuwa ƙauyukan da mota ba ta taɓa shiga ba. Sai dai ba a tanadi kuɗin gyara ba, saboda haka damina kaɗan ta mayar da da yawansu kwazazzabo. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, amma ƙarfinta ya fi karkata kan manyan tituna. Gwamnatin Abacha ta ƙirƙiro asusun PTF a 1994 daga ƙarin kuɗin mai, Janar Buhari ya jagorance shi, ya gyara hanyoyi masu yawa, sannan aka rushe shi a 1999. Hukumar FERMA kuwa, wadda aka kafa a 2002, hanyoyin tarayya ne hurumin aikinta.

Abin lura a nan shi ne, kowace gwamnati ta iya gina sabuwar hanya a yanka kyalle a ɗauki hoto, amma babu wadda ta bar asusun gyara mai ɗorewa. Mu da ke aikin gwamnati mun sani, kuɗin gyara ne ake fara zaftarewa duk shekarar da kasafi ya gaza. Alhali abin da ke ceton rai a karkara ba shi da tsada: kwalbati mai kyau, magudanar ruwa, ƙarfen gefen gada, da alamar kwana.

A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukuncin kotu shi kaɗai ba ya cike rami. A cikinmu akwai injiniyoyi da akantoci da kansiloli, don haka ina roƙon wannan ƙungiya ta sa kowane reshe ya rubuta jerin kwalbatoci da gadojin da suka lalace a yankinsa, ya kai wa shugaban ƙaramar hukuma kafin a tsara kasafin kuɗi, sannan ya koma ya tambayi nawa aka ware. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.