Kano Daga Kan Dutsen Dala

Duk wanda yake son ya ga Kano da kyau, to ya hau Dala da sassafe a watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama. Wani zai ce ai hazo ba zai bari a ga komai ba. Haka ne, amma amfanin ke nan. Hazon yakan lulluɓe duk abin da ke nesa ya bar maka na gindin dutsen, sannan rana tana ɗagawa yana janyewa. Da yake daga gindin Dala birnin ya faro, sai ka ga yana bayyana a gabanka kusan yadda aka gina shi, na da a gaba, na yanzu a baya.

Na isa unguwar Dala gari bai gama wayewa ba. Mai shayi ya riga ya hura wuta, almajirai sun kewaye wata wutar kara suna jin ɗumi, ƙafafu sun yi furu-furu, faso ya tsattsaga dugadugai. Wata dattijuwa tana tsame ƙosai daga kasko, tururi yana tashi. A kan benci wani tsoho ya naɗe kunnuwansa da rawani, ya ƙudundune cikin bargo. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗana, da wannan ɗarin za ka hau?" in ji shi.

Na ce, "I, Baba, gari nake son gani."

Ya ce, "To, bi a hankali, matakalar ta ciccinye a wasu wuraren. Allah ya sauko da kai lafiya."

Dala ba wani dogon dutse ba ne. Tsayinsa mita 534 ne daga doron teku, kuma da yake Kano kanta a kan tudu take, mai ƙarfi a jika ba zai wuce minti goma sha biyar yana hawa ba. Sai dai iskar hunturu tana busar da maƙogwaro, ga ta tana shiga ta wuyan riga. A tsakiyar hanya na tsaya hutawa, na ɗauki wani guntun dutse. Ja ne mai duhu, yana da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, kuma ya fi girmansa nauyi. Marmara ce mai ɗauke da tama, kuma ita ce mafarin Kano. Masu binciken kayan tarihi sun tono ragowar wurin narka ƙarfe a Dala, gwaji ya nuna tun wajen ƙarni na 7 ake aikin. Labarin baka ma yana cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka biyo tama har suka zauna a nan. Mai ƙarfe shi ke da fartanya, shi ke da kibiya, saboda haka manomi da maharbi duk dole su neme shi.

Da na kai ƙoli, sai na tarar da fili shimfiɗaɗɗe, babu kowa sai iska. Ko'ina fari fat. Abin da ido ke iya kaiwa shi ne gidajen da suka rungume gindin dutsen, lunguna a murɗe, tsofaffin soraye na ƙasa a cakuɗe da rufin kwano, hayaƙin murhu ya kwanta a kansu. A nan littafin Tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna, ɗaya daga zuriyar Dala wanda dutsen ya ci sunansa. Ƙato ne maharbin giwa, kuma shi kaɗai ke shiga wurin tsafin Tsumburbura, wata bishiya da aka kewaye da katanga. Mutane sukan taru da baƙaƙen dabbobi, shi kuwa ya shiga ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. An ce har ya faɗa musu wani baƙo zai zo ya karɓe ƙasar. Baƙon shi ne Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga shekarar 999. Tsafin bai faɗi nan take ba. Sai a zamanin Sarki Tsamiya, a farkon ƙarni na 14, aka rushe katangarsa.

Wajen ƙarfe tara hazo ya fara sassautawa. Goron Dutse ya fito ta yamma kamar ɗan'uwan Dala da aka raba su gado. Daga nan sai na fara neman ganuwa. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Magina ba su tsaya kan gidaje kawai ba, sun haɗa da gonaki da kududdufai a ciki, don in abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya, mutane su ci gaba da noma suna shayar da dabbobi. Yau daga sama sai ka yi da gaske kafin ka gane ta. Nan ka ga tsibin jar ƙasa, can ka ga shaguna a inda take a da. Sunayen ƙofofin sun fi ginin daɗewa: Mazugal, Ƙofar Ruwa, Waika, Kansakali, Kabuga, Na'isa, Ɗan'agundi, Nasarawa, Ƙofar Mata, Wambai.

Can ta kudu maso gabas rumfunan Kasuwar Kurmi suka bayyana, a bakin rafin Jakara. Bayansu koren tulluwar Babban Masallaci da hasumiyoyinsa biyu, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai kuma bishiyoyin Gidan Rumfa. Musulunci ya shiga fada tun zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, lokacin da Wangarawa suka zo daga Mali. Amma wanda ya ba birnin siffar da nake hange shi ne Muhammadu Rumfa, sarki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina fadar da har gobe sarakunan Kano ke zaune a ciki, shi ya kafa Kurmi, kuma shi ya karɓi baƙuncin Shehu Magili, malamin nan na Arewacin Afirka da ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon mulki. Kasuwa, masallaci da fada suna kusa da juna, tafiyar ƙafa ce kawai tsakaninsu. Ko da jihadi ya kawar da Sarki Alwali a 1807, sababbin masu mulki a wannan gida suka sauka, har Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya kafa zuriyar da ta sa ake cewa Kano ta Dabo.

Ba ni ne baƙon farko da ya tsaya a nan yana kallo ba. A watan Fabrairun 1851, shi ma cikin hunturu, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano, har ya zana hoton birnin daga kan Dala. Ya ƙiyasta mazaunansa 30,000, ya ce in fatake suka sauka da rani sukan ninka. Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne tufafi. Saƙar Kano da rininta suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus, a bayan raƙuma da jakuna. Karofin Ƙofar Mata, da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, yana nan har yau, ko da yake ramukan da ke aiki sun ragu ƙwarai. Daga maƙeri zuwa marini, da sana'ar hannu Kano ta yi suna.

Hantsi ya dubi ludayi kafin sabuwar Kano ta fito. Ta ƙofar Kabuga sojojin Ingila suka fasa birni ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu yana Sakkwato. A 1911 layin dogo ya iso, sai harka ta juya daga Sahara ta fuskanci teku. Gyaɗa ta zama kuɗi, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa tara buhuna tsibi-tsibi, aka kira su dalar gyaɗa. Ta gabas na hango Fagge da Sabon Gari, ta arewa maso gabas wani jirgi yana sauka a filin Malam Aminu Kano. Bayan nan gine-gine ne har iya ganinka, ba ka sanin inda gari ya ƙare hazo ya fara.

Ina shirin sauka sai ga wasu yara uku sun hauro da gudu, babu ko haki. Ƙaraminsu ya ce, "Malam, ka zo ranar Takutaha, nan ko wurin sa ƙafa babu." Gaskiyarsa. Mako guda bayan Mauludi, ranar sunan Annabi (SAW), jama'a kan yi dafifi su hau Dala. Dutsen da aka taɓa taruwa a gindinsa don Tsumburbura, yau salati ake yi a kansa.

Saukowa ta fi hawa ɓacin rai, domin ido yana ƙasa. Leda ta maƙale a kowane lungu na dutsen, wani gefen ya zama juji, wani ya zama makewayi, ruwan damina ya zaizaye ƙasa, gidaje kuma suna ta matsowa. Tun 2007 Dala da ganuwa da Kurmi da fada suke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO don a sa su cikin kayan tarihi na duniya. Amma kafin baƙo ya girmama abu, sai mai shi ya fara.

Na tarar da tsohon nan ya yaye bargo yana shan hantsi. Ya ce, "Ka ga garin?" Na ce na gani. Ya ce, "Madalla."

Kiran da zan yi ga hukuma shi ne ta gyara matakala, ta sa masu gadi da masu shara, ta hana cin ganuwar da ta rage. Kai kuma Bakano, kafin hunturun bana ya wuce, ka kama hannun 'ya'yanka ku hau Dala, ka nuna musu inda garinsu ya faro. In za ku sauko, kada ku bar ko ledar ruwa a kai.